Me ya haɗa ƙandarewar fata da huhu? Amsa ga mai tambaya daga Makka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Makka nake rubuto maka, unguwar Hindawiyya. Yayata ce, shekarunta 39. Shekara biyu ke nan da aka ce tana da ciwon da Larabawa ke kira tasallubul jild: fatar yatsunta da ta fuskarta ta yi tauri, bakinta ya tsuke. Tun bayan babbar Salla ta fara wani busasshen tari, kuma ba ta iya hawa benen gidanmu sai ta tsaya ta huta sau biyu. An ba ta abin fesawa na asma, bai yi mata komai ba. Dangin mijinta sun ce tarin fuka ne, har sun ware mata kofi. Yanzu likitanta ya rubuta mata hoton ƙirji da gwajin busa, ya ce yana zargin ciwon ya taɓa huhu. Me ya haɗa ciwon fata da huhu? Ana warkewa? Wata maƙwabciyarmu kuma ta kawo mata kotizon ta ce ta riƙa sha, za ta ji dama.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin komai, kotizon ɗin nan, maganin kwantar da kumburi, a ɗauke shi daga ɗakinta yau, kada ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya sai da hannun likitanta. Zan dawo kan dalilin.

Sunan ciwon ne ke ruɗa mutane. Ana ce masa ƙandarewar fata, likitoci kuma su ce sikilerodama, don fata ce ido ke gani. Amma asalin matsalar a garkuwar jiki take. Garkuwar da aka halitta don ta yaƙi ƙwayar cuta sai ta juyo kan mai ita, ta ƙuntata ƙananan jijiyoyin jini, ta kuma zuga ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne ɗinke rauni. Su kuwa sai su yi ta zuba tabo a inda babu rauni, kamar magini da aka manta ba a ce masa ya tsaya ba, yana ta yaɓe har ya toshe ƙofa da taga. Tabon da ya sa yatsun Yaya suka ƙi lanƙwasuwa, shi ne dai zai iya sauka a hanyar abinci, a zuciya, a ƙoda, a huhu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ka san zugazugin maƙera na gida, na fatar akuya. Muddin fatar na da laushi, da an ja ta cika da iska, da an danna ta fesar. In ta bushe ta zama ƙirgi, yaron maƙeri zai yi ta fama har gumi ya jiƙa shi, iskar da ke isa wuta ba ta taka kara ta karya ba. Haka huhu yake. A cikinsa akwai ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, bangon kowace ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, kuma ta wannan bango iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Idan tabo ya kama wurin, abu biyu ke faruwa: huhun ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, bangon kuma ya yi kauri iska ta kasa ratsawa da sauri. Shi ya sa abin fesawa na asma bai yi mata aiki ba. Shi aikinsa buɗe hanyoyin iska da suka tsuke, ita kuwa hanyoyinta a buɗe suke, naman huhun ne, mai kama da soso, ya taurara.

Abin da ya fi damuna da wannan ciwo shi ne yadda yake shigowa da sanɗa. Huhu na da rara mai yawa, mutum zai iya asarar kaso mai tsoka bai sani ba. Kuma jiki na da wayo: a hankali mace za ta daina zuwa Harami da ƙafa, ta riƙa aiken yaro bagala, wato kantin unguwa, maimakon ta je da kanta, ta koma yin salla a zaune, duk a ɗora wa zafin Makka ko ciwon gwiwa. Ranar da aka ce ga haki ya bayyana a bene, an riga an yi nisa. Idan aka yi wa masu wannan cuta hoton huhu mai kaifi, fiye da rabinsu za a ga alamar tabo, ko da ba sa tari. Waɗanda abin ke tsananta musu sun kai wajen kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku.

A da ƙoda ce ke kashe masu ciwon. Wasu likitoci biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, Steen da Medsger, sun bi diddigin majinyatansu daga 1972 zuwa 2002, suka wallafa sakamakon a 2007. Cikin mace-macen da cutar ta jawo, na ƙoda sun sauko daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 6, saboda samun magungunan hawan jini irin su kaftofiril. Na tabon huhu kuwa sun haura daga kashi 6 zuwa 33. Tun daga lokacin huhu ya zama inda muke zuba ido.

Ba kowa haɗarinsa ke zama ɗaya ba. Wanda taurin fatarsa ya wuce gwiwar hannu ya hau damtse, ƙirji ko ciki ya fi wanda nasa ya tsaya a yatsu da fuska shiga haɗari. Ka duba takardun gwajin jininta, ka nemi inda aka rubuta Scl-70, wata alamar garkuwa ce da ake nema a jini. In ya fito da alamar akwai, to ita ce ta fi tafiya da tabon huhu. Shekaru biyar na farko su ne lokacin da ciwon ya fi gudu, Yaya kuwa tana shekara ta biyu, ka ga muna tsakiyar ruwa. Sannan binciken da aka yi a Amurka ya nuna baƙar fata sun fi kamuwa da wuri, nasu kuma ya fi tsanani a huhu. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Af, ga maza masu aikin fasa dutse da yankan marmara, waɗanda ba su da kaɗan a garin nan: tun 1957 wani likita mai suna Erasmus ya lura cutar ta yi yawa cikin masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, saboda ƙurar dutse. Mai irin wannan aiki ya riƙe takunkumin fuska da muhimmanci.

Yanzu ga gwaje-gwajen. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya isa, sau da yawa yakan fito fes alhali tabo ya fara. Wanda ake buƙata shi ne siti sikan mai yanka siriri, wanda a nan ake ce wa ashi'a maƙɗa'iyya. Wani lokaci za a ce ta kwanta rub da ciki, don a ga gindin huhu ta baya da kyau, domin nan tabon ke fara zama. In na ɗora abin sauraro a ƙasan bayan irin waɗannan majinyata, nakan ji wata ƙara a ƙarshen jan numfashi, ƙar-ƙar-ƙar, irin wadda maɗaurin takalmin yara mai mannewa ke yi in an ɓalle shi. Tarin fuka, wato tibi, shi ya fi son saman huhu, yakan zo da kaki, zazzaɓi, gumin dare da rama. Duk da haka za a gwada ta, dole ne ma, don magungunan da za a ba ta suna kwantar da garkuwa, in akwai tibi a ɓoye sai ya farka. Idan gwajin ya wanke ta, a mayar mata da kofinta cikin na jama'a. Ƙandarewar fata ba a ɗaukarta ta tari, ko kwano, ko shimfiɗa.

Ban manta wata baiwar Allah da aka kawo mini a Jidda ba. A wani ƙaramin asibiti an ɗora ta kan maganin tibi wata shida cur, ba tare da an taɓa ganin ƙwayar cutar a kakinta ba. Ta shanye, tari na nan. Da ta miƙo hannu za ta ba ni takardunta na ga yatsun a ƙandare, suna sheƙi, ga 'yan ramuka a kan yatsun inda gyambo ya warke, ga wuyanta da ɗigo-ɗigon fari da baƙi kamar an barbaɗa gishiri. Duk tsawon watannin nan ba wanda ya kama hannunta ya duba. Wata shidan nan da suka wuce, abin da huhunta ya rasa a cikinsu bai dawo ba.

Gwajin busa kuwa, ka shirya ta, don yana da gajiyarwa. Za a zaunar da ita, a matse hancinta da wani ɗan maƙali, ta kama bututu da baki, ta ja iska iya ƙarfinta, ta fesar gaba ɗaya, ma'aikacin na ta ce mata ƙara, ƙara, ƙara. Daga nan ake samun lambar da za ka ga an rubuta FVC, wato yawan iskar da huhu ke iya fitarwa bayan ya cika. Sai kashi na biyu: ta shaƙi wata iska ta musamman, ta riƙe daƙiƙa goma, ta saki. Wannan shi ne DLCO, yana auna yadda iska ke ratsa bango ta shiga jini. Tun da bakinta ya tsuke, ku gaya musu tun farko su ba ta ƙaramin bututu irin na yara, in ba haka ba iska za ta riƙa zurarewa ta gefe, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Haka ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin: a yatsa mai sanyi da ƙarancin jini yakan yi ƙarya, gara a ɗumama hannun tukuna ko a sa a kunne.

Wani rukunin likitoci a Landan sun fitar da ma'auni a 2008 wanda har yau muke amfani da shi: idan tabo ya ci fiye da kashi 20 cikin ɗari na huhu a hoto, ko kuma hoton bai fayyace ba amma FVC ya gaza kashi 70 na abin da ake tsammani, to ciwon ya yi faɗi. Amma lamba ɗaya ba ta ba da labari. Abin da nake so in gani shi ne ta yau, da ta bayan wata uku zuwa shida, da ta bayanta. Idan FVC ya faɗi da kashi 10, ciwon na tafiya. Don haka ku sayi fayil ku riƙa adana kowace takarda. Iyalan da ke yawo tsakanin asibitoci ba takarda a hannu, kullum daga farko ake fara musu.

Akwai ciwon huhu na biyu da cutar ke kawowa, kuma kada a haɗa shi da na farko. Shi wannan a jijiyoyin jinin huhu yake: su ƙuntace, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turo jini da ƙyar har ya gaji. Ana kiransa hawan jinin huhu, kuma abin awon hawan jini na damtse ba ya ganinsa ko kaɗan. Yana kama wajen mutum ɗaya cikin goma, ya fi zuwa bayan shekaru, har ga waɗanda fatarsu ba ta yi tsanani ba. Alamunsa haki, jiri, kumburin ƙafa, wani lokaci suma. Shi ya sa ake yin hoton zuciya, wanda ake ce wa iko, duk shekara, in an yi zargi a zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya a auna kai tsaye. Maganinsa daban ne: bosentan, ambirisentan, tadalafil, sildenafil. E, sildenafil ɗin da ka sani ne na maza, kada a ga kwalin a jakarta a fara ƙananan maganganu.

Ka tambaya ko ana warkewa. Ba zan yi maka rufa-rufa ba: inda ya riga ya zama tabo ba ya komawa soso. Abin da magani ke yi shi ne kashe kumburin da ke gaban tabon, da rage gudun ciwon, don a tsira da abin da ya rage. Kuma mutane da yawa nasu kan tsaya cak shekara da shekaru, suna harkokinsu.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne maikofinolet, za ka ga CellCept a kwali. A 2006 wani babban gwaji a Amurka ya nuna saiklofosfamaid na taimakawa, amma yana da illa ga jini, mafitsara da haihuwa. A 2016 aka gwada su biyun kafaɗa da kafaɗa kan mutum 142, amfaninsu ya zo kusan ɗaya, maikofinolet ya fi sauƙi a jiki. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, tare da gwajin jini a kai a kai. Sai nintedanib, wato Ofev, wanda shi tabon yake rage wa gudu. A gwajin 2019 kan mutum 576, masu shan sa sun yi asarar kimanin mililita 52 na FVC a shekara, waɗanda ba su sha ba suka yi asarar 93. Bambancin bai fi cokali uku na cin abinci ba, kuma na san za ka ce wannan ai ba komai ba ne. A shekara ɗaya haka ne. A shekara biyar ko goma, ga huhun da dama bai wuce lita biyu da 'yan kai ba, yana iya zama tazarar da ke tsakanin mai tafiya da ƙafarta da mai jan tukunyar oksijin. Matsalarsa gudawa, wadda ta sami uku cikin huɗu na masu sha, ga tsada, ga buƙatar duba hanta. Akwai kuma allurar tosilizumab, wadda Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2021, da rituksimab da ake sawa ta ƙarin ruwa. Dashen ɓargo da dashen huhu na 'yan kaɗan ne da aka tantance; asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad yana dashen huhu.

Yaya tana da shekara 39, don haka dole a yi maganar ciki, kuma a yi ta da mijinta a zaune. Maikofinolet na zubar da ciki, yana kuma nakasa jariri. Nintedanib da bosentan ma ba a shan su da ciki. In kuwa an tabbatar da hawan jinin huhu, cikin kansa barazana ne ga ranta. Ba maganar kunya ba ce, kuma in an bar ta ita kaɗai da nauyin faɗa wa miji, sau da yawa shiru take yi.

To, kotizon. A wasu cututtukan garkuwa shi ne gaba, amma a wannan yana iya tayar da rikicin ƙoda: jini ya hau farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, gani ya dushe, fitsari ya ragu, cikin 'yan kwanaki ƙoda ta tsaya. Haɗarin ya fi yawa daga miligiram 15 na firednisolon, wani nau'in kotizon, a rana zuwa sama, musamman a shekarun farko, wato daidai inda Yaya take. Maƙwabciyarku alheri ta nufa, kuma gaskiya ne za ta ji daɗin jikinta sati ɗaya ko biyu, nan tarkon yake. Haka ƙwayoyin ƙiba da mata ke kira sha-ka-fashe, da wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa ba suna, da yawansu kotizon ne a ciki. Ku sayi abin awon jini na gida, a riƙa auna ta a rubuta. In ya yi tsalle sama da yadda ta saba, ko numfashi ya ƙwace mata lokaci ɗaya, ko ta suma, ko zazzaɓi ya kama ta tana kan maganin garkuwa, a kira motar asibiti a 997, ba a jiran gari ya waye.

Wani abu da ake rainawa shi ne ƙwannafi. Kusan duk mai wannan cuta hanyar abincinsa takan yi sanyi, ƙofar ciki ta saki. Da dare ruwan ciki mai tsami ya hauro, ɗigo kaɗan ya faɗa huhu, mutum na barci bai sani ba. Mu kuwa a nan sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake sauke kabsa, shinkafa da nama, a ci a miƙe. Ta daina cin abinci awa uku kafin kwanciya, ta ci kaɗan-kaɗan, a ɗaga kan gadonta da bulo kamar taƙi guda. Tara matasan kai ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake yi. Omefirazol kuma rabin awa kafin abinci ake shan sa.

Turaren wuta, na san gidan Bahaushiya a Makka ba ya rabuwa da shi, amma a daina kunna shi a ɗakinta. Shisha da sigari a fitar da su daga gidan ɗungurungum. Ranar da iska ta taso da ƙura a rufe tagogi. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada ya riƙa bugun ta kai tsaye, don sanyi ne ke tsuke jijiyoyin yatsu su yi fari ko toka su ɗau zogi. A Harami ta nemi Zamzam ɗin da aka rubuta ba mai sanyi ba, ta sa safa saboda marmara. Mai harama ba ta sa safar hannu, sai ta tura hannayen cikin hijabi. Sa'ayi ya haura kilomita uku, ta hau arabiyya, wato keken turawa, ba abin da ya ragu a ibadarta. Ta yi rigakafin mura duk shekara kafin cunkoson azumi da na Hajji, da na nimoniya. Zuma, habbatus sauda, ruƙiyya, ban hana ba, muddin ba a ajiye magani dominsu ba. Ƙaho dai a bar shi a inda fata ta yi tauri, raunin ba ya saurin warkewa. Kuma kada a kwantar da ita a ce ta huta: tafiya a fili kullum, daidai ƙarfinta, magani ce.

In kuna da al'adar hawa Ɗa'if da zafi, ku dakata tukuna. Garin ya haura mita 1,800 a sama, Abha ta wuce 2,000, iskar can ba ta kai ta Makka ƙarfi ba. Cikin jirgin sama ma kamar kana kan dutse ne mai irin wannan tsawo ko fiye. In akwai tafiya gida Najeriya ko Nijar, a gaya wa likita da wuri ya duba ko za ta buƙaci oksijin a hanya, ba a fafe gora ranar tafiya. Azumi kuwa ya danganta da sakamakon: wasu na iyawa in an gyara lokutan magani, amma sahur a koma barci nan take shi ne babban abokin ƙwannafi, kuma mai gudawar Ofev ko mai raunin ƙoda ba na ba shi shawarar yi. Likita ya faɗi halin jikinta, malami ya faɗi hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

Ranar ganin likita ka raka ta, ko wata 'yar'uwa mai jin Larabci sosai, don majinyaci kan amsa da alhamdu lillahi ko da bai iya hawa bene ba. Ku faɗi gaskiyar matakala nawa take hawa kafin ta tsaya. Ku nemi likitan gaɓoɓi da garkuwa da likitan ƙirji su riƙa ganin ta tare, ku kuma tambayi ko an yi mata hoton zuciya a bana. In sakamako ya fito, ka turo mini FVC, da DLCO, da abin da aka rubuta game da faɗin tabon a hoto, da amsar Scl-70, sai mu duba su tare. Ka gaishe mini da Yaya da jiki.